Lokutan shekara da noma a ƙasar Hausa

Lokutan shekara a ƙasar Hausa guda huɗu ne: bazara, damina, kaka da ɗari, wanda kuma ake kira hunturu. A kan waɗannan lokuta aka gina tsarin noma na yankin da ya haɗa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar, tsakanin layin digiri 10 da na 15 a arewacin ikwaita. Damina ɗaya ake yi a shekara, mai tsawon wata uku zuwa biyar, ragowar watannin kuwa rani ne. Mafi yawan hatsin da mutanen yankin ke ci da ruwan sama ake noma shi cikin wannan ɗan lokaci. Jimillar ruwan shekara tana da muhimmanci, amma abubuwa uku sun fi ta tasiri a kan abin da manomi zai kai rumbu: ranar da damina ta zauna, tsawon kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyarta, da ranar da ya tafi gaba ɗaya. Irin da ake shukawa, yadda ake gauraya su a gona ɗaya, da jerin ayyukan gona duk an tsara su ne don jure wa rashin tabbas na waɗannan abubuwa uku.

Rabe-raben yankin

Masana labarin ƙasa suna raba yankin gida uku bisa yawan ruwa da irin tsirran da ke fitowa. Daga kudu akwai Sabanar Gini ta arewa, inda Zariya da Funtuwa suke. A nan ƙasa tana riƙe damshin da shuka za ta rayu na kwana 150 zuwa 180 a shekara. Sai Sabanar Sudan, wadda ta ƙunshi Kano, Gusau, Katsina da Sakkwato, mai kwana 90 zuwa 150. Daga nan sai Sahel, wanda ya fara daga wajajen iyakar ƙasashen biyu ya nausa arewa ta Damagaram da Tawa, inda sau da yawa kwanakin ba sa kai 90.

Ruwa yana raguwa ne daga kudu zuwa arewa. Matsakaicin abin da ake samu a shekara, a ƙiyasce, shi ne:

Zariya: milimita 1,000 zuwa 1,100
Kano: milimita 700 zuwa 900
Sakkwato da Katsina: milimita 550 zuwa 700
Maraɗi: kimanin milimita 500
Damagaram: kimanin milimita 400
Tawa: milimita 350 zuwa 400

Waɗannan alƙaluma matsakaici ne na shekaru masu yawa. A shekara guda ana iya samun fiye da haka ko ƙasa da haka sosai, kuma bambancin shekara da shekara yana ƙaruwa yayin da aka matsa arewa. A shekarar 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayan iyakar ga makiyaya. Layin ya bi kusan wuraren da ruwan shekara yake milimita 350, amma ƙaruwar jama'a ta sa gonaki sun daɗe da tsallake shi.

Abin da ke kawo damina da rani

Iskoki biyu ne ke musayar iko a sararin Afirka ta Yamma. Ta farko tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da damshi. Ta biyu tana fitowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura. Mahaɗarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana bin rana. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku, saboda haka iskar hamada ce ke rufe ƙasar Hausa duka. Daga Fabrairu sai ta riƙa matsowa arewa a hankali, har a watan Agusta ta kai wajen layin digiri 20, gaba da Agadas.

Ruwa ba ya sauka daidai kan mahaɗar. Sai iskar teku ta yi kauri sannan gajimare ke haɗuwa, kuma hakan yana faruwa ne ɗaruruwan kilomita kudu da layin. Shi ya sa damina ke fara faɗuwa a Zariya kafin Kano, a Kano kafin Maraɗi, kuma idan za ta tafi daga arewa take fara janyewa. Komawar mahaɗar kudu ta fi zuwanta sauri, don haka damina tana shigowa da jan ƙafa amma tana tafiya kusan lokaci guda.

Duk da cewa damshin daga kudu yake zuwa, manyan hadarurruka daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Kafin ruwa ya sauka sai iska mai ƙarfi ta riga shi, wani lokaci da jan ƙura. Ruwan irin wannan hadari yana da ƙarfi amma ba ya daɗewa, kuma ba ya game ko'ina. Ana iya yin ruwan shuka a wani ƙauye, maƙwabcinsa mai nisan kilomita kaɗan bai ga ko yayyafi ba.

Lokutan huɗu

Bazara tana farawa daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. Ita ce mafi zafi a shekara. A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyos, a Sakkwato kuwa yakan wuce 40. Rijiyoyi suna ja da baya, ciyawa tana ƙarewa, dabbobi suna ramewa. A wannan lokaci ake sharar gona, a ƙone abin da ya rage, a kai takin gida a jibge tsibi-tsibi.

Damina tana zama a watan Mayu a wajen Zariya, ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni a wajen Kano, sannan ƙarshen Yuni ko farkon Yuli a Damagaram da Tawa. Ruwa ya fi yawa a watan Agusta, lokacin da ake kira marka, inda ake iya wuni da kwana ana ruwa ba rana. Wannan ya bambanta da kudancin Najeriya, inda ruwa kan ɗan tsagaita a watan Agusta. Daga Yuli zuwa farkon Satumba ne kawai ruwan da ke sauka yake fin wanda zafi da iska ke ƙafarwa, kuma rarar wannan lokaci ce ƙasa ke adanawa. Zafin da ake yi dab da ɗaukewar ruwa, lokacin da hatsi ke nuna, ana kiransa agazari.

Kaka ita ce lokacin girbi, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ko farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, amma sauran damshi a ƙasa da raɓar safiya suna ƙarasa nunar dawa da wake.

Ɗari yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas da hazo, wanda kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa. Da asuba sanyi a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13, iska kuma tana bushewa ƙwarai. Bushewar tana taimakawa wajen adana hatsi, sanyin kuma shi ne ginshiƙin noman alkama. Kalmar rani ta haɗa duk watannin da babu ruwa, wato ɗari da bazara.

Sunayen suna ɗan sauyawa bisa karin harshe. Ana cewa damina ko damuna, a Sakkwato da wasu sassan Nijar kuma damana. Marka takan zama malka a karin yamma. A Kano kalmar hatsi ta ƙunshi gero da dawa da makamantansu, amma a Sakkwato da yawancin Nijar idan aka ce hatsi gero ake nufi, abin da ke nuna matsayin gero a wuraren da damina ba ta da tsawo. Hausa ta kuma bambanta ɗari, wato sanyi busasshe mai iska, da sanyi mai laima irin na marka.

Lissafin lokaci da alamomi

Shekarar Musulunci tana bin wata ne, tana kuma gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, don haka watanninta ba sa tsayawa kan lokaci ɗaya na noma. Malamai sun cike wannan giɓi da lissafin taurari da aka samo daga Larabawa. An raba shekara zuwa taurari 28, kowane yana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365. Kowane lokaci yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, sai Sarfa ta buɗe kaka. Masanin Hausa Mervyn Hiskett ya wallafa nazari a 1967 kan yadda wannan lissafi ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa.

Manoma kuma suna lura da alamomin da ke kewaye da su. Dawowar shamuwa daga kudu tana nuna damina ta kusa. Haka ma juyawar iska zuwa kudu maso yamma, tohon itatuwa tun kafin ruwa, da zubar ganyen gawo. Idan ruwa ya yi jinkiri ko ya ɗauke bayan an yi shuka, jama'a sukan fita sallar roƙon ruwa.

Faɗuwar damina da shuka

Shawara mafi wuya ga manomi a shekara ita ce ranar shuka. Wanda ya shuka da ruwan farko yana cin moriya biyu. Shukarsa za ta samu tsawon damina, kuma za ta ci sinadarin naitirojin da ƙasa ke saki da zarar ruwan farko ya jiƙa ta, kafin ruwa mai yawa ya wanke shi ƙasa. Haɗarin shi ne ruwan farko ya zama na yaudara. Idan aka yi mako biyu ko uku babu wani ruwa, tsiron yana ƙonewa, domin saman rairayi da tsakar rana yakan wuce digiri 50. Iskar da ke gaban hadari ma tana iya binne ƙananan tsirrai da yashi ko ta yayyanka ganyensu. A irin wannan shekara akan sake shuka sau biyu ko uku, kuma iri yakan ƙare wa talaka.

Wasu manoma, musamman a arewa, suna yin binne, wato su zuba irin gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, don ya tsiro da zarar an yi ruwan farko. Binne yana rage cunkoson aiki, amma idan yayyafi ya jiƙa irin bai kai ga raya shi ba, an yi hasara.

Masanin yanayin noma M. V. K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Nijar, ya fitar da ma'auni a 1988 wanda ake yawan amfani da shi. A ma'auninsa damina ta zauna idan bayan 1 ga Mayu aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da suka biyo baya ruwa bai ɗauke fiye da kwana bakwai ba. Ya kuma nuna cewa ranar farawar damina ta fi ranar ƙarewarta sauyawa daga shekara zuwa shekara. Ma'anar haka ita ce damina da ta makara yawanci gajeriya ce, domin ba ta rama kwanakin a ƙarshe. Wannan ne ya sa ake shawartar manoma su koma ga iri mai saurin nuna idan ruwa ya yi jinkiri.

Bayan shuka sai noman firi, wanda dole a yi shi cikin makonnin farko kafin ciyawa ta danne tsiro, sai cire rarar tsirrai daga rami, sai maimai, sannan huɗa a wuraren da ake noma kan kunya. Watannin Yuni da Yuli su ne aiki ya fi yawa, kuma a lokacin ne abincin bara ke ƙarewa a gidaje da dama.

Amfanin gona da tsawon damina

Gero shi ne mafi jure fari da rairayi. Yana nuna cikin kimanin wata uku, don haka da shi ake buɗe shuka, kuma shi ake fara girba a ƙarshen Agusta ko Satumba, ya kawo ƙarshen ƙuncin damina. Maiwa danginsa ce amma tana daɗewa har kaka. Akwai kuma dauro, wanda ake dasawa a sassan kudancin Kaduna da Filato.

Dawa ta fi gero buƙatar ruwa da ƙasa mai nauyi. Ire-irenta na gargajiya, kamar farafara da kaura, ba adadin kwanaki suke bi ba, tsawon wuni suke bi. A Kano wuni yana kai kimanin awa 12 da minti 50 a watan Yuni, sannan ya riƙa raguwa. Idan ya ragu zuwa wani mizani sai dawa ta yi ciki ta fitar da kai, ko an shuka ta da wuri ko an makara. Binciken D. L. Curtis da aka wallafa a 1968 ya nuna cewa dawar kowane yanki a Najeriya tana fitar da kai daidai da lokacin da damina ke ƙarewa a yankin. Ta haka ƙwayar ke cika da damshin da ya rage a ƙasa, ta bushe ba tare da ruwa ya sa ta fumfuna ba. Idan aka kai irin kudu arewa, ruwa zai ɗauke kafin ya fitar da kai. Idan aka kai na arewa kudu, zai nuna cikin ruwa ya lalace.

Wake akan shuka shi a Yuli ko Agusta a tsakanin hatsi. Yana zaune a inuwa har a yanke gero, sannan ya yaɗu, a rore shi a Oktoba da Nuwamba. Harawarsa abincin dabbobi ce mai tsada a rani. Gyaɗa tana son ƙasa mai taushi da ruwa daidai lokacin da take saka 'ya'ya, sannan a tone ta kafin ƙasa ta ƙame. Auduga tana son shuka da wuri, amma a al'ada manoma sukan jinkirta ta har su gama noman abinci, abin da ke rage yawan amfaninta.

Masara ta bazu a Sabanar Gini ta arewa tun daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya kawo sabon iri da takin zamani. Tana ba da amfani fiye da gero da dawa idan ta samu ruwa da taki, amma ɗaukewar ruwa na 'yan kwanaki lokacin da take fitar da gemu da yin goyo kan jawo babbar hasara. Shinkafa kuwa a fadama da bakin koguna ake noma ta, musamman a kwarin Rima da na Haɗeja.

Haɗa iri biyu ko uku a gona ɗaya, kamar gero da dawa da wake, shi ne tsarin da ya fi yawa a gargajiyance. Wata sananniyar hanya ita ce gicci, inda ake jera layukan hatsi a gicciye da kunya, a bar tsakani don gyaɗa ko wake. Tun da kowane iri yana da lokacin da ya fi buƙatar ruwa, da wuya fari guda ya kashe su duka. Idan damina ta yanke da wuri gero ya riga ya tsira, idan kuma farkonta ya ɓaci amma ƙarshenta ya yi kyau dawa da wake za su rufa asiri.

Nau'in ƙasa

Ruwa iri ɗaya yana aiki daban a ƙasa daban. Jigawa, wato ƙasar tudu mai rairayi, tana shan ruwa da sauri, kuma ɗan ruwa kaɗan ya isa a yi shuka a cikinta. Sai dai ba ta riƙe damshi sosai, kuma tana da ƙarancin sinadarin fosfaras da ruɓaɓɓen ganye. Laka tana buƙatar ruwa mai yawa kafin ta jiƙu, amma idan ta jiƙu tana daɗewa da laima. Fadama tana tara ruwan da ya gangaro daga tudu, tana ceton manomi a shekarar fari, tana kuma nutsewa a shekarar ambaliya. Fako ƙasa ce da ta ƙame, ruwa yana bin samanta ya wuce. Shi ya sa magidanci kan so ya mallaki gonaki a wurare daban-daban. A karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa, an daɗe ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu ta hanyar zuba takin dabbobi da shara da toka, tsarin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari.

Noman rani

A watannin da babu ruwa ana noma da ban ruwa a fadamu da ƙarƙashin madatsun ruwa. A da jigo ake amfani da shi, amma daga shekarun 1980 ƙananan injinan ban ruwa da gajerun rijiyoyin burtsatse suka maye gurbinsa. An kammala madatsar Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da Kura a jihar Kano, da ta Bakolori a 1978 kusa da Talata Mafara. Akwai kuma ta Goronyo a kan kogin Rima. A Nijar, yankin Galmi da Birnin Ƙonni ya shahara da albasa, har irin albasar Galmi ya yi suna a Afirka ta Yamma.

Ko a noman rani yanayi ne ke tsara lokaci. Alkama tana buƙatar sanyi, don haka ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski alkamarsa tana cika ƙwaya, sai ta tsumbure. Tumatir ma ya fi yin 'ya'ya a lokacin sanyi, shi ya sa yake araha daga Janairu zuwa Maris, ya yi tsada a ƙarshen bazara da damina.

Kwari da cututtuka

Yawancin abokan gabar shuka suna bin yanayi. Darɓa tana yawaita idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta lalata gonakin gyaɗa a faɗin arewacin Najeriya, shekaru biyu bayan babban fari, kuma wannan na cikin dalilan ɓacewar dalar gyaɗa a Kano. Laima mai yawa lokacin bununi tana kawo cututtukan zangarniya. Tsuntsayen jan-baki suna afka wa gero, dawa da shinkafa dab da girbi. Ƙuduji, wanda ake kira wuta-wuta, ya fi addabar gonar da ta gaji. Fara ta yi ɓarna a Nijar a 2004. A 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa mai cin masara a Najeriya, kuma a shekarar ce ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki a Kano da Kaduna.

Fari, ambaliya da yunwa a tarihi

Jama'a suna tuna munanan shekaru da sunayen da suka laƙaba musu. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta biyo bayan mummunan fari, ana kiranta Kakalaba. Ta 1953 zuwa 1954 da ake kira Muda ta bambanta, domin yawan ruwa ne ya lalata hatsi. Shekarun 1950 da farkon 1960 sun kasance masu ruwa, gonaki suka matsa arewa. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka shiga dogon lokaci na ƙarancin ruwa, wanda ya fi tsanani a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984. A Nijar ana kiran yunwar 1984 El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. A 2005 ma an yi matsalar abinci mai tsanani a Maraɗi da Damagaram bayan yankewar daminar 2004.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma yanayin saukarsa ya sauya. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya gano cewa manyan hadarurruka masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. An yi ambaliya mai yawa a 2012, 2020, 2022 da 2024, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da kuma yankin Maraɗi. Saboda haka a shekara ɗaya manomi yana iya fuskantar fari a watan Yuni da ambaliya a watan Agusta.

Dabarun rage hasara

Baya ga gauraya iri da rarraba gonaki, akwai dabarun tare ruwa da gyara ƙasa. A yankin Tawa ana haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa a kan fako, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru ya raya shuka. Ana kuma yin ramuka masu siffar rabin wata da jera duwatsu a gicciye da gangare. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin kututturen itatuwa su sake toho a gona ana gyara su maimakon sare su. An ƙiyasta cewa wannan hanya ta dawo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo yana da daraja ta musamman, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya hana shuka rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci, su bar taki a gindinsa.

Hasashe da cibiyoyin bincike

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take bayyana lokacin da ake sa ran farawa da ƙarewar ruwa a kowace jiha. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana tattara bayanan ruwa da amfanin gona na ƙasashen Sahel. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar INRAN ta Nijar, tare da IITA da ICRISAT, sun fitar da ire-iren gero, dawa, masara, wake da gyaɗa masu saurin nuna, irin su geron SOSAT. Hasashen lokaci guda yana nuna yadda damina za ta kasance a faɗin yanki, amma ba ya iya faɗin ranar da ruwa zai sauka a gona guda, don haka manoma ke haɗa shi da abin da suka gani da idonsu.

Tasiri a kan kasuwa da zamantakewa

Farashin hatsi yana bin lokutan shekara. Yana sauka da kaka, lokacin da manoma ke sayarwa don biyan bashi da hidimomi, ya hau daga bazara zuwa tsakiyar damina. Manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano suna tara hatsi da kaka su rarraba shi zuwa sassan Najeriya da Nijar. Da kaka ake fitar da zakkar hatsi, kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka kuma ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala. Bukukuwan aure, dambe da kokawa sun fi yawa bayan girbi. Makiyaya suna gangarowa daga arewa su ci karan gonaki su bar taki, kuma rikici yakan tashi idan suka iso kafin a kwashe amfani, shi ya sa hukumomi a Nijar ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Matasa da yawa suna tafiya cin rani birane bayan girbi, su dawo gida kafin ruwan shuka.

Duba kuma

Gero
Dawa
Hunturu
Sahel
Noman rani
Fadama